Ido ɗaya, fam 397,000: yadda alhaki ya koma kan kulob ɗin golf na membobi

Wannan nazari ya bi diddigin abin da ya faru a wani kulob ɗin golf da ke yankin West Lothian, yamma da birnin Edinbara a Sikotland, tun daga ranar da ƙwallo ta sami wani baƙo a ido cikin watan Agustan 2007 har zuwa hukuncin ɗaukaka ƙara a watan Maris na 2013. Kulob ɗin na membobi ne, kwamitin da suka zaɓa shi ke tafiyar da shi. An sakaya sunansa, haka ma sunayen mutum biyun da abin ya shafa. Wanda ya kaɗa sanda za a kira shi mai bugu, wanda ƙwallo ta samu kuma za a kira shi baƙon.

## Kafin Agusta 2007: fili, kwamiti da 'yar hanya

Cikakken filin golf, wasan da wasu gidajen rediyo ke kira ƙwallon lambu, rami 18 ne. Kowane rami yana farawa da dandamali inda ake bugun farko, sai doguwar shimfiɗar ciyawa, sai lallausar ciyawar da aka aske ƙwal kewaye da ramin da ake son ƙwallo ta faɗa. In an gama da rami ɗaya, sai a saɓa jakar sanduna a taka zuwa dandamali na gaba. Inda ƙasa ta wadata, ramukan suna nesa da juna. Inda aka matse su a ƙaramin wuri kuwa, mai tafiya daga wannan rami zuwa wancan yakan ratsa ta gefen inda wasu ke bugu. Filin da ake magana a kai irin na biyun ne. Hanyar da ke ɗaukar mutum daga rami na 6 zuwa dandamalin rami na 7 ta bi ta gefen shimfiɗar rami na 18, ta hannun hagun wanda ke tsaye a dandamalin 18 yana shirin bugu.

Ita ƙwallon, dokar wasan ta ce nauyinta kada ya wuce giram 45.93, faɗinta kada ya gaza milimita 42.67. A tafin hannu kamar lemun tsami take, sai dai tauri kamar tsakuwa. Daga kan doguwar sandar bugun farko, ko a hannun ɗan wasa na tsaka-tsaki, tana iya tashi da gudun kilomita 200 a awa. Girmanta kuma kusan daidai yake da bakin kwarmin ido, don haka ƙashin gira da na kunci ba sa tare ta yadda suke tare babbar ƙwallo.

Kulob na membobi, yadda aka saba a Birtaniya, ba shi da wani attajiri guda da za a nuna a ce ga mai wuri. Membobi ke biyan kuɗin shekara, su haɗu a babban taro su zaɓi kyaftin da sakatare da ma'aji da wanda zai sa ido kan fili. Yawancin muƙaman na sa kai ne, ba albashi, kuma masu riƙe da su suna sauyawa. Masu albashi su ne masu yankan ciyawa da ma'aikatan ɗakin shaƙatawa. Kuɗin membobi kaɗai bai cika riƙe irin wannan wuri ba, shi ya sa ake buɗe ƙofa ga baƙi: ka biya kuɗin yini, ka ɗauki sandunanka ka shiga. Wannan kulob yana maraba da baƙi, gwani da ɗan koyo, ba tare da gindaya sharaɗin ƙwarewa ba.

Tun kafin ranar da abin ya faru, akwai dokokin da ke kan irin wannan wuri. Dokar Sikotland ta 1960 ta ɗora wa duk wanda ke riƙe da wuri nauyin yin kulawar da ta dace, don kada wanda ya shigo ya ji rauni saboda yanayin wurin ko saboda abin da aka yi ko aka bari ba a yi ba. Dokar lafiya da kariya a wurin aiki ta 1974 ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin ma'aikatansa da kuma na mutanen waje da aikinsa ke iya shafa. Ƙa'idojin 1999 suka ƙara da cewa sai ya zauna ya tantance haɗarin da ke wurinsa, kuma in ma'aikatansa sun kai biyar, sai ya rubuta muhimman abubuwan da ya gano. A wuraren wasanni, jami'an ƙaramar hukuma ne ke bibiyar wannan.

Kulob ɗin bai yi tantance haɗarin filinsa bisa tsari ba. Babu allon gargaɗi a dandamalin 18, babu a kan hanyar. Abin da ya dogara da shi shi ne sanin da 'yan kwamiti suka yi wa filin, da ladubban wasan da suka hana mutum bugu matuƙar akwai wanda ƙwallonsa za ta iya kaiwa, da kuma ihun gargaɗin da 'yan golf ke yi in ƙwallo ta kauce, wanda ake furtawa "foo!". Ƙari a kan haka, babu wani rahoton haɗari da aka taɓa rubutawa game da wannan hanya.

## Juma'a, 10 ga Agusta 2007

Baƙon ɗan koyo ne. Sau huɗu kacal ya taɓa buga golf kafin wannan rana. Ya zo da abokansa, sun gama rami na 6, suka hau hanyar da aka tanada zuwa na 7. Ba su ratse ba, ba su yi yanke ba, inda filin ya nuna musu nan suka bi.

A dandamalin 18, tazarar kimanin mita 150 daga inda suke, mai bugu ya kafa ƙwallonsa. Ya ga masu tafiyar. Ya auna inda yake son ƙwallon ta sauka, ya ga ba ta wajensu ba ne, kuma wasa yana yi masa kyau a ranar. Sai ya kaɗa.

Ƙwallon ta tashi ƙasa-ƙasa, ta lanƙwasa da ƙarfi zuwa hagu. Irin wannan kuskure sananne ne a wasan, har suna gare shi a bakin 'yan golf, kuma yakan faru ne in fuskar sanda ta rufe a daidai lokacin da ta taɓa ƙwallo. Mai bugu ya ƙwala ihun gargaɗi. Tsakanin ihun da isowar ƙwallo 'yan sakanni ne. Ɗan wasan da ya goge ya san abin yi ba tare da tunani ba: ya duƙa, ya juya baya ga inda sautin ya fito, ya rufe kai da hannuwa. Baƙon ya ce da ya ji ihun ya sunkuya ya ɗaga hannu ya kare kansa. Waɗanda ya kai ƙara daga baya suka ce ɗaga kai ya yi yana neman ƙwallon. Abin da ba a yi jayayya a kansa ba shi ne, ƙwallon ta same shi a idon hagu, idon ya fashe, ya rasa shi har abada.

## 2008 zuwa 2009: wane ne "kulob" a gaban shari'a?

Kafin maganar ta kai gaban alƙali, wani hukunci ya fito a Ingila wanda ya shafi duk mai zama a kwamitin irin wannan kulob, ko da yake ba kan raunin mutum ba ne.

Wani kulob ɗin golf ne mai membobi kusan 900, wanda ba a yi masa rajistar kamfani ba. Yana da tankin man ɗumama gini, da bututun da ya bi ta ƙarƙashin ƙasa zuwa tukunyar ɗumama. 'Yan kwangila suna aikin gini suka fasa bututun, man da ya kai lita 1,500 ya tsiyaye ya shiga wani rafi da ke kusa. Hukumar Kare Muhalli ta Ingila ta shigar da ƙarar laifi a ƙarƙashin sashe na 85 na dokar albarkatun ruwa ta 1991. Wanda ta gurfanar ba kulob ba ne, mutum biyu ne da sunayensu: shugaban kulob, da ma'aji wanda kuma shi ke jagorantar kwamitin ginin. Babu wanda ya ce ɗayansu ya taɓa bututun ko ya yi sakaci da kansa.

Alƙalin farko ya ce kulob ya kamata a gurfanar, ba za a kama mutum biyun ba tunda ba su da laifi na ƙashin kansu. A watan Agustan 2008 Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta bakin Mai Shari'a Hughes, ta yarda da rabin maganarsa ta ture rabi. Ta ce ana iya gurfanar da kulob da sunansa, domin dokar fassara ta 1978 ta sa kalmar "mutum" ta haɗa da ƙungiya ko da ba kamfani ba ce. Amma ta ce ana iya gurfanar da membobin ma, domin laifin irin wanda ba a tambayar niyya ne, kuma ƙungiyar da ba kamfani ba ba wata aba ba ce daban da mutanen da suka haɗa ta. Ke nan tankin na dukan mutum 900 ne, kowannensu yana cikin masu ajiye shi. Mai gabatar da ƙara ne zai zaɓi wanda zai kama. A ƙarshe an sallami mutum biyun, saboda an ga sake yi musu shari'a ba zai zama adalci ba. Sai dai sun riga sun sha zaman kotu a matsayin waɗanda ake tuhuma, a kan muƙamin da suka karɓa kyauta. Tuwon girma, an ce, miyarsa nama.

A Sikotland ma akwai wani gefen wannan matsala. A 2004 babbar kotun ƙasar ta yanke, a shari'ar wani kulob ɗin tseren ƙananan motoci, cewa memba da ya ji rauni ba zai iya kai ƙarar ƙungiyarsa ba in ba kamfani ba ce, domin tamkar ya kai ƙarar kansa ne. Baƙo ba shi da wannan shinge. A 2009 Hukumar Gyaran Dokoki ta Sikotland ta fitar da rahoto tana ba da shawarar a bai wa irin waɗannan ƙungiyoyi matsayin kansu a shari'a, daidai don a raba aljihun ƙungiya da na 'yan kwamiti.

Wannan shi ne yanayin da ƙarar baƙon ta taso a cikinsa.

## Zuwa Nuwamba 2011: ƙara da hukuncin farko

Baƙon ya shigar da ƙarar neman diyya a babbar kotun farar hula ta Sikotland da ke Edinbara, kuma ya haɗa biyu: mai bugu da kulob. A kan mai bugu ya ce ya yi sakaci da ya kaɗa sanda alhali yana ganin mutane inda ƙwallo ke iya kaiwa. A kan kulob ya ce ya gaza nauyin da dokar 1960 ta ɗora masa, tunda ya bi da mutane ta wannan hanya ba tare da ko allo ɗaya ba.

Mai bugu ya kare kansa da cewa bugun irin wanda ba a zata ba ne, kuma ya yi abin da wasan ya ce a yi, wato ya yi ihu. Kulob ya ce ba a taɓa samun haɗari a wurin ba, 'yan wasa sun san ladubban da ke kare juna, don haka babu abin da ya wajabta allo. Dukansu biyu kuma suka haɗu a kan cewa baƙon yana da nasa kason, saboda yadda ya amsa ihun. Wannan hujja ta uku tana da nauyi a aljihu, domin dokar 1945 ta ba kotu damar rage diyya gwargwadon sakacin wanda aka ji wa rauni. In aka tattara, maganar waɗanda ake ƙara ba ta wuce abin da mu kan ce ba, tsautsayi ba ya wuce ranarsa.

An saurari masana wasan. Daga bayanansu ya fito fili cewa ƙwallo ta kauce wa inda aka nufa ba baƙon abu ba ne, yana faruwa ga kowane ɗan wasa, ballantana na tsaka-tsaki.

Alƙali Lord Brailsford ya yanke hukunci a watan Nuwamban 2011. Ya sami mai bugu da sakaci, ya ce ya yarda da kansa fiye da kima saboda wasa ya yi masa kyau a ranar, har ya raina yiwuwar kuskure. Ya sami kulob ma da gazawa: da ya tantance haɗarin filin da ya ga matsalar hanyar, kuma allon gargaɗi abu ne mai araha wanda ake sa ran mutane za su bi. Rashin rahoton haɗari a baya bai wanke shi ba. Game da baƙon kuwa, alƙalin ya karɓi bayaninsa kan yadda ya kare kansa, bai ɗora masa komai ba.

Diyya ta tsaya a kan kimanin fam 397,000. Aka raba: kaso 70 cikin 100 kan mai bugu, kaso 30 kan kulob. Da lissafi, wajen fam 278,000 ke nan da wajen fam 119,000, ban da kuɗin lauyoyi da na kotu.

Akwai abin lura a nan. Rabon kason bai shafi baƙon ba. Inda mutum biyu suka haɗu wajen jawo rauni ɗaya, wanda aka cuta yana iya karɓar duka kuɗinsa daga kowannensu, sai su biyun su je su daidaita a tsakaninsu. Saboda haka daga wannan rana rigimar ta fi zama tsakanin mai bugu da kulob.

## Maris 2013: ɗaukaka ƙara

Ba mai bugu ba, ba kulob ba, babu wanda hukuncin ya yi wa daɗi, duk suka ƙalubalance shi a sashen ɗaukaka ƙara na kotun. Kowanne yana son a wanke shi, ko aƙalla a rage masa, ko a ɗora wa baƙon wani abu.

Lord Hodge ne ya ba da ra'ayin kotun a watan Maris na 2013. Kotun ta bar sakacin mai bugu a inda yake. Ta bar gazawar kulob a inda take. Ta sake ƙin ɗora wa baƙon laifi, ganin cewa ɗan koyo ne da ya sami kansa cikin gaggawa, ba shi da lokacin tunani. Abin da ta taɓa shi ne rabon kaso. Kotun ɗaukaka ƙara ba ta cika shiga irin wannan rabo ba, amma alƙalin farko bai bayyana dalilin da ya sa ya tsaya kan 70 da 30 ba, wannan ya buɗe mata ƙofa.

Dalilinta ya ta'allaka ne kan baƙi. Kulob yana gayyatar mutane su zo su buga ko sun iya ko ba su iya ba. Tunda haka ne, ba shi da hurumin ɗauka cewa duk wanda ke tafiya a filinsa ya san dokokin wasan ko ya san abin yi in ya ji ihu. Kuma kulob ne ya san filin, shi ya san inda hanya ta kusanci inda ake bugu, shi ke da ikon kafa allon da zai ce wa mai bugu ya dakata ko ya ce wa mai tafiya ya lura. Kotun ta ga gazawar kulob ta fi ta mai bugu girma nesa ba kusa ba.

Sai ta juya rabon: kaso 20 kan mai bugu, kaso 80 kan kulob. Abin da ke kan kulob ya tashi daga wajen fam 119,000 zuwa wajen fam 318,000. Garin neman ƙiba an samo rama.

## Abin da ya riƙe da abin da ya kwance

Hujjar da kwamiti ya fi jingina da ita, cewa ba a taɓa samun haɗari a wurin ba, ita ce ta fi saurin kwancewa, kuma a ganina ta cancanci hakan. Littafin rahoton haɗari yana ɗauke ne da abin da aka kawo ofis aka rubuta. Ƙwallon da ta wuce ta saman kan mutum, ko ta daki jakarsa, aka yi dariya aka ɗaga hannu aka ba da haƙuri, ba ta shiga littafi. Tsofaffin membobi sun san wurin, sukan ɗan tsaya su leƙa dandamalin 18 kafin su wuce, ba tare da an gaya musu ba. Wannan sani ne ya riƙa kare su, kuma shi ne ya rufe wa kwamiti ido, domin 'yan kwamiti su ma tsofaffin membobi ne. Ba su taɓa bin hanyar da ƙafar wanda ya zo yau ba.

Ihun gargaɗi ma bai riƙe ba. Ihu yana zuwa ne bayan ƙwallo ta bar sanda. Amfaninsa ya dogara ga wanda ya ji ya san ma'anarsa, ya san ta ina ƙwallo ke tafe, kuma jikinsa ya saba. Kulob ɗin da ke karɓar kuɗin ɗan koyo a ƙofa ya san ba kowa ke da waɗannan ba.

Sai ƙoƙarin ɗora wa baƙon laifi, wanda ya faɗi sau biyu. Ina jin wannan hujja ta yi wa kulob illa fiye da yadda aka zata. Duk lokacin da aka nanata cewa gogaggen ɗan wasa da ya san yadda zai kare kansa, ana tuna wa kotu ne cewa wannan ba gogagge ba ne, kuma wani ne ya buɗe masa ƙofa.

A ɓangaren baƙon, abin da ya yi masa aiki shi ne haɗa su biyun a ƙara ɗaya, da kuma nuna wa kotu takamaiman abin da za a iya yi wanda ba a yi ba. Bai nemi a ce golf wasa ne mai haɗari da ya kamata a sauya fasalinsa ba. Allo ya nuna. Kotu takan auna girman raunin da ka iya faruwa, da yiwuwar faruwarsa, da tsadar kauce masa. A nan rauni rasa ido ne, yiwuwar ƙarama ce amma tabbatacciya, tsadar kuwa katako da fenti. Da maganin ya kasance sai an tashi rami guda an sake masa wuri, da awon ya bambanta.

Game da kwamiti, hukuncin bai nemi ya kawar da kowane haɗari daga fili ba, wannan ba mai yiwuwa ba ne a wasan da ake harba ƙwallo mai tauri cikin sarari. Abin da ya rasa shi ne shaidar cewa ya taɓa zama ya duba. Da akwai takarda mai kwanan wata da ke nuna an zagaya filin rami bayan rami, an ga hanyar, an tattauna, an yanke shawara, da lauyan kulob yana da abin riƙewa ko da shawarar ba ta cika daidai ba. Matsalar kwamitin sa kai ita ce aikin kowa ne, don haka ba na kowa ba ne. Kyaftin na bana yana zaton na bara ya duba, mai kula da fili yana zaton maganar sakatare ce, sakatare yana zaton inshora ta rufe komai. Inshora kuwa diyya take biya gwargwadon abin da aka saya. Ba ta hana jami'in ƙaramar hukuma shigar da ƙarar laifi, ba ta kuma biyan tarar kotu. Kulob ɗin da ya koma kamfani ya raba bashinsa da aljihun membobi, wannan gaskiya ne kuma shari'ar man nan ta Ingila ta nuna amfaninsa, amma sashe na 37 na dokar 1974 yana nan yana jiran darakta ko sakataren da laifi ya faru da yardarsa, ko da kau da kansa, ko saboda sakacinsa.

Inda nake da ɗan ja da hukuncin 2013 shi ne kason mai bugu. Shi ne ya ga mutanen da idonsa, shi ne yake da zaɓin jiran minti ɗaya su wuce. Kaso 20 ya yi masa sauƙi a ganina, ko da yake na fahimci dalilin kotun: shi kuskuren sakan ɗaya ya yi, kulob kuwa ya bar hanyar haka kullum, ga duk wanda ya biyo ta. Kuma sauƙin ma na kwatance ne. Kaso 20 na fam 397,000 ya haura fam 79,000, a kan mutumin da ya fito buga rami na ƙarshe ranar Juma'a.